Taswira da Fasinjojin Aro

Shekara shida ke nan muna gidan haya ɗaya da Taswira, ƙofar ɗakina tana kallon tasa, kuma ban taɓa jin ya buɗe baki ya ce bai san wani abu ba. Sunan ma shi ya jawo wa kansa. Kullum faɗi yake garin nan kaf a kansa yake, lungu da saƙo, kwana da kwalbati, ko ido aka ɗaure masa zai kai ka inda za ka. Mu 'yan gidan muka ce to ai wannan ya wuce mutum, taswira ce. Maimakon ya ji haushi sai ya kawo min rigarsa, da yake ni tela ne, ya ce in ɗinka masa sunan a kan aljihu da jan zare.

Sai dai duk sanin nan nasa bai taɓa kai shi wurin aiki a kan lokaci ba. A wani ɗakin gwajin jini yake aiki, can cikin gari bayan babbar gada. Kada ka ji gwajin jini ka ɗauka allura yake riƙewa. Makulli yake riƙewa. Shi zai buɗe ƙofa, ya yi shara, ya jera benci, ya raba wa jama'a lamba. Su kuwa masu zuwa gwajin an hana su karyawa sai an ɗebi jininsu, saboda haka duk minti ɗaya da Taswira ya ƙara a hanya, mutum talatin ne ke tsaye a bakin ƙofa da yunwa suna tsine masa.

Ranar Litinin ya isa ƙarfe tara saura, ya tarar wani dattijo ya sulale ƙasa ana yi masa fifita da takardar gwaji. Dakta mai wurin mace ce mai haƙuri, amma ranar haƙurin ya ƙare. Ta ce masa, "Gobe in bakwai da rabi ta buga ƙofar nan tana rufe, ka ajiye min makullina ka kama gabanka." Da wannan makullin kuwa Taswira ke ci da matarsa Maman Biyu, da 'yan biyun da ke makarantar kwana, da surukarsa Inna, wadda ta zo ziyarar mako biyu yau wata takwas.

Bari in gaya maka yadda tasharmu take, don ka gane haukan da ya biyo baya. Unguwarmu ce ƙarshen gari. Layin mota biyu ne a tashar, na dama da na hagu, ba sa ga maciji da juna, kuma ba motar da ke tashi sai ta cika. Fasinja shi kuma ba ya shiga mota wayam, don kada ya zauna yana kallo ta ɗaya layin ta tafi ta bar shi. Sai ka ga mutum arba'in sun yi cirko-cirko a tsakiya, ido ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowa na jiran wani ya fara shiga. Maganin da 'yan tasha suka samo shi ne fasinjan aro. Su zuba mutanensu a mota ta yi kamar ta kusa cika, in na gaske ya shigo sai na aro ɗaya ya ce bari ya je ya kama ruwa, ya sulale abinsa. Taswira ya sha cika baki a teburin mai shayin tasha cewa shi ba a yi masa wannan. "Ƙafa nake dubawa," in ji shi. "Na aro silifas ɗin wanka yake sawa. Mai zuwa aiki kuwa sai takalmi sau-ciki."

Da yammar Litinin ɗin ya tara mu a tsakar gida, ya ɗauko gawayi ya zana mota a bangon banɗaki, da kujerunta goma sha huɗu.

"Jama'a, na gano bakin zaren," ya ce. "'Yan tasha mutum huɗu ko biyar suke zubawa, shi ya sa ake daɗewa. Ni goma zan zuba. Gobe da sassafe duk za ku bi ni ku shiga motar dama ku zauna. Fasinja na ganin ta kusa cika za su taho. Duk wanda ya shigo, ɗayanku ya sauka ya koma gida. Minti biyar mota ta tashi. Kafin bakwai ina can ina shara."

Mai Aski, wanda ɗakinsa ke kusa da famfo, ya ce, "To mu me za mu samu?"

"Tarihi. Za a ce da ku aka fara."

"Tarihi ba ya shiga ciki."

"To shayi. Kowa kofi ɗaya."

"Da burodi?"

"Da burodi, amma ban da ƙwai."

Na ce, "Ka dai gaya wa direban ko?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Tela, zauna a kan kekenka. In gaya masa ya sace min fasaha?"

Inna tana kan tabarma tana tsintar shinkafa, ta ɗago kai. "Har da ni a lissafin, Baban Biyu?"

Ya rusuna. "Inna, ai ke ce ginshiƙin shirin. Wa zai ga dattijuwa kamarki da ƙunshin kaya a cinya ya ce ta aro ce?"

"Oh, ni 'yasu. Da furfurata zan je in yi ƙarya a tasha."

"Ba ƙarya ba ce, Inna. Zama ne kawai."

Maman Biyu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban Biyu, ka tashi da wuri mana kamar kowa."

"Kamar kowa! Kin ji matsalarki. Ni da kai nake aiki, ba da ƙafa ba."

"Shi ya sa masu ƙafar ke riga ka zuwa."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da raba mana kujeru a bango.

Washegari gari bai gama wayewa ba muka fito mu goma, a jere kamar masu zuwa biko. Ya sa kowa ya sa sau-ciki. Inna aka ɗaura mata kayan wanki masu datti a zani, wai kayan tafiya. Mai Aski ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure a sama, a ƙasa kuwa gajeren wandon da ya kwana da shi, ya ce ai ta taga ake ganin mutum, ba wanda zai leƙa ƙasa. Muka shige motar dama muka zauna, kowa ya ɗaure fuska irin ta mai sauri. Kwandasta ya ga mutum goma lokaci ɗaya, ya washe baki yana yi mana sannu da zuwa. A ganinsa Allah ne ya tashe shi da sa'a.

Taswira ya buɗe ƙofar gaba, ya cire hularsa ya ajiye a kujerar kusa da direba, ya ɗora makullin ɗakin gwaji a kai, don a san mai wurin babban ma'aikaci ne. Sannan ya sauka ya tsaya a tsakiyar tasha, ya cika ƙirji da iska.

"Saura uku! Saura uku a tafi!"

Ni dai ban taɓa ganin irin abin da ya biyo baya ba. Mutum arba'in ɗin nan da ke tsaye suka juyo lokaci ɗaya, suka ga mota maƙil da mutanen kirki har da tsohuwa, suka zubo a guje. Wata mata mai kwandon tumatir ta bangaje Taswira, ya tafi taga-taga sai da ya rungumi teburin mai shayi. Kujera uku ta rage, amma aƙalla mutum tara ne suka cuso kansu ta ƙofa ɗaya. Na yunƙura zan tashi, wani ƙato ya zauna a cinyata ya ce in yi haƙuri. Mai Aski ya fara ihu, "Bari in je in kama ruwa! Zan kama ruwa!" Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Ka kama a cikin gari, ba hanya." Mai tumatir ta haye kujerar gaba, ta ɗauki hula da makulli ta miƙo baya tana tambayar na wane ne, Maman Biyu ta karɓa. Kwandasta ya ja ƙofa da ƙyar, ya buga rufin mota sau biyu, direba ya fizge ta.

Ta gilashin baya na hango Taswira yana binmu da gudu, kai ba hula, yana ɗaga hannu. "Tsaya! Na aro ne! Duk na aro ne!"

Mu ma muka ɗauka daga ciki, a tsaya, a tsaya. Direba ya ce shi in ya fita tasha ba ya taka birki sai bayan gada, don in ya tsaya yanzu cunkoso zai riske shi. Fasinjojin gaskiya suka goya masa baya, ƙaton da ke cinyata har da rantsuwa. Sai ga hannun kwandasta a gaban hancina.

"Kuɗin mota."

Na ce, "Ɗan'uwa, mu na aro ne."

"Motar ma ta aro ce, amma mai ita kuɗi yake karɓa."

Maman Biyu ta dubi makullin da ke hannunta. Ta leƙa agogon wani da ke kusa da ita. Sai ta buɗe jaka ta zazzage kuɗin cefane ta miƙa wa kwandasta na mutum goma, ta ɗaga murya ta ce, "Direba, kada ka tsaya. In shi bai je ba, makullin zai je."

Wayarta ta yi ƙara. Da yake hannunta a matse yake, Inna ce ta ɗauka, ta kuma danna ta yadda duk mota ke ji.

"Ku sauka! Ku sauka yanzu!"

"Baban Biyu, da wa kake?"

Murya ta sauko nan take. "Au, Inna ce? Ina kwana, Inna. Don Allah a ce wa direba ya tsaya, ko a jefo min makullin ta taga."

"A jefa a titi motoci su taka? Ka ce min zama ne kawai. To ga ni a zaune." Ta kashe wayar ta cusa a cikin ƙunshin wanki.

Abin da ya faru da shi daga nan, mai shayi da wani mai babur ne suka ba ni labari, kuma ban ga dalilin da zai sa su haɗa baki su yi masa ƙarya ba.

Da ya ga mun ɓace, sai ya ruga motar hagu, wadda ita ma ta kusa cika. Bai shiga kai tsaye ba. Sai da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujeru, ya ga ƙafafu reras cikin sau-ciki, ya miƙe ya sanar da duk tasha, "Wannan ta gaske ce, na tantance." Ya shiga ya zauna. Abin da bai sani ba shi ne, shekara guda yana tallar dabararsa a teburin shayi, shugaban layin hagu yana gefe yana kurɓa yana saurare, har ya je gwanjo ya sayo wa mutanensa takalma buhu guda. Mutum ɗaya ya shigo, na kusa da Taswira ya tafi kama ruwa. Wani ya shigo, na bayansa ya tafi. Minti ashirin da biyar yana zaune mota ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Sai da ya ƙura wa ƙafar na ƙarshe ido yana sauka, ya ga duka takalman biyu na ƙafar hagu ne.

Ya diro yana zage-zage, ya tari mai babur. A lokacin babban titi ya riga ya cushe, ko kaza ba za ta ratsa ba.

"Bi ta bayan makarantar firamare," in ji Taswira. "Akwai wani lungu da ba wanda ya sani sai ni."

"An haƙa wurin, Malam."

"Yaushe?"

"Tun bara."

"A taswirata ba a haƙa ba. Mu je."

Suka je suka tarar da lambatu mai faɗi, cike da baƙin ruwan unguwa, an gitta masa katako ɗaya. Mai babur ya kashe inji ya ce shi yana da iyali. Taswira ya ce tsoro ne ke hana matasan yanzu ci gaba, bari ya nuna masa ƙarfin katakon. Ya hau ya kai tsakiya, ya juyo, ya yi tsalle ɗaya don hujja. Mai babur ya ce shi dai ƙara ya ji, da ya duba sai ya ga kai yana yawo a kan ruwa. Ya jawo shi da ƙyar, takalmi ɗaya ya zauna a ƙasa. Da warin ya bugi hancinsa sai ya ce ya yafe kuɗin, amma wallahi ba a kan kujerarsa ba, ya tayar da babur ya gudu.

Ba mai mota ko mai babur da ya yarda ya ɗauke shi. Daga ƙarshe wata buɗaɗɗiyar motar siminti ce ta ji tausayinsa, aka ce ya hau baya. Ya haye ya zauna a kan wani buhu da ya fashe, jikinsa sharkaf. Motar ta hau gada ta shiga cunkoso, ta yi awa biyu a wuri ɗaya, rana ta fito ta yi aikinta.

Mu kuwa bakwai da minti goma muka sauka. Ba wanda ya san wurin a cikinmu, amma da muka hango jama'a sun haɗe rai a bakin wata ƙofa muka san mun iso. Maman Biyu ta buɗe, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta kama tsintsiya. Ni da sauran muka jera benci, na ga labulen ƙofa ya yage, na zaro allura daga hulata na kama shi. Inna ta zauna a kujerar surukinta ta ɗauki lambobi, ta ce tsofaffi ne farko, wanda bai yarda ba ya zo ya gaya mata. Ba wanda ya zo. Mai Aski ya shige lungu ya rufe gwiwoyinsa da ƙunshin wanki. Bakwai da rabi daidai Dakta ta iso karɓar makullinta, ta tarar ma'aikata sun riga sun ɗebi jinin mutum huɗu. Ta tsaya tana kallon wurin kamar ta yi ɓatan kai, har Maman Biyu ta je ta gaishe ta ta yi mata bayani.

Muka zauna jiran Taswira, don ba mu da na komawa gida.

Wajen goma da rabi aka ture labule, wani farin abu ya shigo yana tafiya ba ya lanƙwasa gwiwa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Simintin ya bushe a jikinsa tun daga gashin kai har idon sawu, ido biyu kawai ke motsi. Wata mata ta yi salati ta bar bencinta. Warin lambatu ya cika ɗakin. Inna ko kai ba ta ɗaga ba, ta yago lamba ta miƙa.

"Sittin da uku. Bawan Allah, ka ci wani abu yau?"

"Inna, ni ne."

"Kowa ma shi ne. Bi layi."

Ni na taso na kankare aljihun rigar da farce, sai ga jan zarena ya bayyana. Na ce, "Jama'a, Taswira ne." Ɗakin ya kwashe da dariya, har waɗanda ke danne da auduga a hannu. Dattijon da ya faɗi jiya ya dawo ƙarasa gwajinsa, shi ya fi kowa, har da buga sanda a ƙasa.

Dakta ta fito daga ofis. Taswira ya yi yunƙurin ɗaga hannu ya gaishe ta, hannun rigar ya tsage ƙas, ɓarɓashi ya zubo a inda matarsa ta share.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "duk shirina ne. Na ga hanya ba kyau, shi ne na turo makulli gaba da tawaga, ni kuma na tsaya binciken wasu hanyoyi."

"Shirin ya yi kyau ƙwarai," in ji Dakta. "Shekara uku ban taɓa ganin an buɗe wurin nan a kan lokaci ba sai yau. Haka za a riƙa yi. Makulli ya zo, kai ka zauna." Ta juya ga Maman Biyu. "Baiwar Allah, za ki iya kullum?"

Dariya ta ɗauke. Maman Biyu ta dubi mijinta. Wallahi a nan na ji tausayinsa ya kama ni, duk da shayin da ban sha ba. Mutumin nan ba abin da yake taƙama da shi a duniya kamar makullin nan, ko wanka zai shiga sai ya rataya shi a ƙusa inda zai riƙa gani. Ya daɗe yana kallonsa a hannunta, siminti na tsattsagewa a wuyansa.

"Za ta iya," ya ce a hankali. Sai kuma ya ɗan ɗaga murya don na baya su ji. "Ai ni na horar da ita."

Kwana biyu Mai Aski ya yi yana kankare masa kai kafin a ga fata. A rana ta uku sai ga shugaban layin dama har tsakar gidanmu, ya ce tun da yake tasha bai taɓa ganin mota ta cika kafin a ƙirga hamsin ba, mutum mai irin wannan baiwa bai kamata ya zauna a gida ba. Ya ɗauke shi aiki nan take.

Yanzu in ka je tasharmu da sassafe za ka gan shi a kujerar gaba, da sabon sau-ciki, da jakar takardu wayam a cinya, yana duba agogo yana tsaki kamar ministoci na jiransa. Ya ce mana a rana mota goma sha biyu yake shiga kafin ƙarfe takwas, kuma tun da ya kama aikin bai taɓa makara ba. Shida da minti goma Maman Biyu take isowa, makulli a jaka. Ta tsaya a jikin taga ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Baban Biyu, je ka kama ruwa."

Sai ya sauka ya riƙe mata ƙofa ta hau, ya rufe, ya gaya wa direba hanyar da zai bi, direba ya ce to ba tare da ya saurara ba. Yakan tsaya yana kallon motar har ta sha kwana. Daga nan ya gyara jakarsa, ya shiga motar da ke baya wadda ba kowa a ciki, ya zauna.